Duwatsun da Alassane Ya Jera

A watan Afrilu na shekarar 2006 ruwan sama ya addabi gonar gidan Hartlow da ke Summerfield, arewa da Greensboro. Duk ranar da aka yi ruwa sai jar ƙasa ta gangaro daga tudu ta cika filin dawaki da laka. Dale Hartlow, mai gonar, ya tsaya cikin takalman roba yana zage-zage, sannan ya kira ma'aikacinsa.

Shekarar Alassane tara a Amurka, shida daga ciki a wannan gona, yana kwasar kashin dawaki yana gyaran shinge. Mutumin Keita ne a ƙasar Adar ta Nijar, inda tun yana saurayi yake ganin maza da mata suna jera duwatsu a gangare don ruwa ya rage gudu, ƙasa ta tsaya. Ya yi wa Dale bayanin haka da guntun Turancinsa, yana ja masa layi da yatsa a cikin laka.

Dale ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Duwatsu kake so, Al? Akwai su can cikin kurmi, bayan idon ruwa. Kwashe su duka. Kada ka bar ko ɗaya."

A shekara shida ba a taɓa tambayar Alassane abin da ya sani ba sai ranar. Ya shiga kurmin da baro cikin farin ciki.

Duwatsun ba a warwatse suke ba. A tsaye suke cikin busassun ganyaye, biyu-biyu, babba da ƙarami, tsakaninsu kamar tsawon mutum. Ya lura da haka, ba makaho ba ne. Amma ya san kaburburan Amurka. Ga na gidan Hartlow can kusa da hanya, an kewaye su da shingen ƙarfe, kowanne da farin dutse da suna da shekara. Ga kuma wani a gindin bishiya bayan kicin, na kare ne, an rubuta Biskit, an zana ƙashi a ƙasan sunan. Ƙasar da ake rubuta wa kare suna a kan kabari, in ji shi a ransa, ba za a binne mutum a cikinta da dutsen da bai ce komai ba. Ya sa gizago ya tumɓuke na farko.

Da suka ƙare ya ƙara da na rafi. Amma na kurmin sun fi faɗi da kyan fuska, sai ya sa su a gaba. Cikin mako uku jeren ya kwanta a gindin tudu kamar an auna shi da igiya. Aka yi ruwa, laka ba ta sauko ba. Maƙwabta suka riƙa tsayar da mota suna ɗaukar hoto.

'Yarsa Oumaima ta zo gonar a watan Yuni. Shekararta ashirin, tana karatun tarihi a jami'a, kuma tana da sha biyu aka kawo ta daga Nijar. Dale ne ya nemo mata aikin hutu: ta buga wa mahaifiyarsa, Mis Lorene, littafin tarihin gidansu a kwamfuta. Tsohuwar shekararta tamanin da bakwai, idonta ya yi rauni, kuma tana so a gama kafin taron dangi na watan Agusta, ranar cikar shekara ɗari biyu da arba'in da zuwan kakansu Caleb Hartlow. Bayan taron za a sayar wa wani kamfanin gine-gine tudun da kurmin, a yi gidaje sittin.

Kullum da safe Mis Lorene takan zauna a baranda da kwalin tsofaffin takardu a cinyarta, tana faɗa Oumaima na bugawa. Caleb ya taso daga Pennsylvania a 1766 da keken shanu ɗaya, da gatari, da mata mai ciki. Ya sare daji, ya shuka masara da alkama, daga baya taba. Ya binne mata biyu, ya haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, bakwai suka rayu. Ya fara da eka ɗari biyu, ya mutu a 1821 da eka ɗari tara. An san launin idonsa, an san cocin da yake zuwa, an san har sunan alfadarinsa.

"Kuma duk da hannunsa biyu ya yi," in ji Mis Lorene. "Sa wannan, 'yata."

Sau uku Oumaima ta buga wannan jimla a babi uku. Ita 'yar manomi ce. Ta san abin da hannu biyu suke iya nomewa, kuma bai kai eka ɗari tara na taba ba.

Wata Laraba tsohuwar ta yi gyangyaɗi, kwalin ya zame daga cinyarta. Oumaima na tattara takardun ta ga wata wasiƙa ta 1874, daga wata jikar Caleb mai suna Abigail zuwa ga 'yar'uwarta. Yawancinta zancen ciwon ƙafa ne da tsiron tumatir. Sai a ƙarshe ta ce: mutanen Kaka, bayin da ya mallaka, suna kwance bayan idon ruwa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Na ƙirga su arba'in da uku, kowanne dutse a kai, dutse a ƙafa. Tsohuwa Suki kaɗai ta san wa ke ina, ita ma bara ta bi su.

Ta kwafe wurin a littafinta da biro. Da Mis Lorene ta farka ta karanta mata.

"Oh, wannan," in ji tsohuwar, ta miƙo hannu ta karɓe wasiƙar. "Ba ya shiga. Littafin na dangi ne."

"Su suka nome gonar."

"An riƙe su da kyau, kowa ya san haka. Za ki sha lemo?"

Oumaima ba ta sha lemo ba. Da rana tsaka ta gangara bayan idon ruwa. Ba dutse ko ɗaya. Sai ƙananan ramuka biyu-biyu a cikin ganyaye, jar ƙasarsu sabuwa, da sawun tayar baro. Ta juyo ta dubi gindin tudu, inda jeren babanta yake kwance cikin rana.

Ta same shi a inuwar ɗakin dawaki yana cin shinkafa da wake daga kwanon da Tchima, mahaifiyarta, ta ɗauro masa.

"Baba, ina ka samo duwatsun nan?"

"Kin gan su? Haka kakanki ya koya mini. Ko ɗigon laka..."

"Ina ka samo su?"

Ya ajiye cokali. "Mi ya faru? Kurmi. Patoron Dale ne ya ce in kwaso."

Ta karanta masa abin da ta kwafa, tana juya shi da Hausa. Wani doki ya buga ƙafa a ciki.

"Biyu-biyu suke, Baba. Ba ka gani ba?"

"Ba rubutu a kansu."

"A Keita kabarin wa ke da rubutu? Na Kaka yana da rubutu?"

"Can daban, nan daban. Nan ko kare..."

"Kare na gida ne, Baba. Su ba na gida ba ne. Mutum arba'in da uku, ka tumɓuke su ka yi wa dawaki magudana, har kana ɗaukar hoto kana aika wa Kawu."

Ya tashi tsaye, kuma ta zaci zai mare ta. Bai mare ta ba. Ya rufe kwanon, bai ci rabi ba, ya ɗauki shebur ya shiga wurin dawaki.

A ɗakin karatu na jami'a ta gano abin da doka ta ce. In an tabbatar akwai kaburbura a wuri, ba a gini a kansu sai an bi matakai, an nemi zuriyarsu, an yi wata da watanni. In ba alama, ba shaida, to fili ne kamar kowane fili. Nan ta gane abin da Dale ya daɗe yana kallo a fuskar babanta ranar laka. Ba basirar mutanen Adar ya gani ba. Mutumin da ba zai iya buɗe baki ba ya gani. Shekara huɗu ke nan takardar neman katin zaman Alassane tana tafiya da sa hannun Dale a matsayin mai ba shi aiki, kuma zaman gidansu duka, ita da uwarta da ƙannenta biyu, a kan wannan takarda yake rataye.

Duk da haka ta rubuta wa ofishin jiha mai kula da tsofaffin kaburbura. Ba ta faɗa wa kowa ba sai da ta jefa wasiƙar.

Ranar Juma'a bayan salla ta tare Alhaji Lamine a wurin ajiye motoci. Shi ne babban 'yan Nijar na garin, mai aika tsofaffin motoci Kwatano, kuma ba a yin suna ko jana'iza sai da shi. Ta gaishe shi har ƙasa, ta yi masa bayani, ta roƙi jama'a su tsaya bayan babanta in ya yi magana, su nemo masa lauya.

Alhaji ya saurare ta yana juya makullin mota a yatsa.

"Ke ɗiyar Alassane, mu abinci muka zo nema ƙasar ga, ba tonon kaburburan mutane ba. Bon, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu in akwai. Amma mi ya haɗa mu da su? Ba mu san asalinsu ba. Bayi ne."

"Daga ina aka kamo su, Baba Alhaji? Daga Sin?"

Wani a baya ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"Karatun lakwal ya yi wa yarinyar ga yawa," in ji Alhaji, ba ita yake kallo ba, mazan da ke gefensa yake kallo. "A gaya wa ubanta ya riƙe papiyensa, takardun zamansa, da hannu biyu."

Suka gyaɗa kai. Mutanen da in aka taɓa gawar ɗayansu a asibiti sai su cika harabar da kuka da kiran waya, su ne suka shiga motocinsu suka kunna sanyi, kowa yana saurin komawa aiki kafin ƙarfe biyu da rabi.

Ofishin ya amsa cewa za a aiko jami'a ranar Talatar ƙarshen Yuli. Kwafin amsar ya je wa mai gona.

Dale bai ɗaga murya ba. Ya kira su su biyun ofishinsa, ya ba su kujera, har ya tambayi lafiyar Tchima.

"Ni na ce a kawo duwatsu," ya ce wa Oumaima. "Ban ce waɗanne ba. Ban taɓa ganin wata wasiƙa ba, Mama kuma ba ta tuna abin da ta ci da safe. Amma tunda ke mai karatu ce, ki faɗa wa babanki: cire alamar kabari a jihar nan babban laifi ne. Wa ya cire? Hotuna suna nan, shi ne a tsaye da baro yana murmushi. Mai babban laifi kuma ba ya samun kati. Jirgi yake samu." Ya juya ga Alassane. "Al, kurmin nan ya yi ramuka, doki zai iya karya ƙafa. A cike su kafin Talata. Akwai taki a baya."

"Mi ya ce?" in ji Alassane, ko da yake ya ji rabi.

Ta faɗa masa.

Kwana uku ya yi yana tura baro zuwa bayan idon ruwa. Da kashin dawaki ya cike ramukan, ya baje, ya watsa busassun ganyaye a kai. Aikinsa bai taɓa yin ha'inci ba, wannan ma bai yi ba. Oumaima tana hango shi daga baranda tana buga babi na tara, na jikokin Caleb da suka je yaƙi.

A mota suna komawa gida ta ce, "Har yanzu za ka iya nuna mata. Kai kaɗai ka san inda kowane dutse yake."

"Na sani."

"To?"

"To ƙannenki Faïçal da Nadia fa? A nan aka haife su, ko Hausar kirki ba su ji. Ke kuma saura shekara guda ki gama. Ki faɗa mini wanda zan fara jefarwa."

"Ba ka da kunya ne, Baba?"

"Ina da ita," in ji shi. "Ita kaɗai ta rage mini da ban karɓa daga hannun Dale ba."

Jami'ar da ta zo baƙar fata ce, mai kimanin shekara hamsin, sunanta Misis Pettiford. Ta zo da takalman daji da dogon ƙarfe na soka ƙasa. Ta zaga kurmin tare da Dale, ta soka nan ta soka can, amma eka goma sha biyu ne, ko'ina ganye da taki, ba wanda ya nuna mata inda za ta fara. Ta duba abin da Oumaima ta kwafa da biro, ta ce ba za ta iya dogara da shi ba sai ta ga ainihin wasiƙar. Mis Lorene ta ce wace wasiƙa.

Daga nan ta gangaro wurin jeren. Ta durƙusa gaban wani faffaɗan dutse, ta shafa shi da tafin hannu. Rabinsa na ƙasa ja ne, launin ƙasar da ya daɗe a ciki, rabin sama kuma baƙi da gansakuka.

"Dangin kakata daga wannan yankin suke," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba mu san inda aka sa su ba." Sannan ta miƙe ta dubi Alassane. "Kai ka jera su? Ina ka samo wannan?"

Alassane ya dubi ƙasa.

"Turancinsa kaɗan ne," in ji Dale. "Amma ga 'yarsa. Ita za ta fassara."

Oumaima ta juya masa tambayar da Hausa, duk da ta san ya ji.

"Ce mata daga rafi na kwaso su," in ji shi.

"Baba."

"Ce mata daga rafi. Duka." Ya ɗago ya dube ta. "Ko kuma ki faɗa mata abin da kike so. Ba ta jin Hausa, shi ma ba ya ji. Bakinki ne. Ke ce mai ilimi, ke kika kira ta. Ga ni, ga ta."

Misis Pettiford tana jira da biro a kan takarda. Dale ya sa hannu a aljihu yana kallon dawakinsa. Oumaima ta dubi hannun babanta, duk tsaga, har yanzu da taki a ƙarƙashin farce. Wata guda ta yi tana kiran mutane matsorata, a masallaci, a mota, a kan tabarmar cin abinci. Kalmomin gaskiyar suna nan a bakinta da Turanci mai kyau, irin wanda malamanta suke yabo.

"Ya ce daga rafi ya kwaso su," in ji ta.

"Duka?"

"Duka."

Matar ta daɗe tana kallonta. Ba fushi a idonta, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi. Ta rubuta layi ɗaya, ta rufe takardar, ta ɗauki ƙarfenta.

"Aikin ya yi kyau," ta ce wa Alassane, ta tafi.

Aka yi taron dangi a Agusta, mutum ɗari da tamanin daga jihohi goma sha huɗu, kowa da riga mai hoton keken shanu. Aka raba littafin. Shafi ɗari biyu da shida, ba kuskuren bugu ko ɗaya, don Oumaima ta iya aikinta. A shafin ƙarshe akwai hoton Alassane a tsaye gefen jerensa, an rubuta a ƙasa: Al, amintaccen ma'aikacinmu. Shi ne baƙin mutum ɗaya tilo a tarihin gidan Hartlow.

A Oktoba motocin rusau suka shiga kurmin. A Nuwamba kamfanin ya ƙara tayi, Dale ya sayar da sauran gonar har da filin dawaki, ya koma bakin teku. Ya yi wa Alassane sallama da hannu biyu, ya ba shi tsohuwar jaka ta fata. Lauyan shige da fice ya yi musu bayani cikin minti biyar: ba gona, ba aiki, ba aiki kuma takardar ta mutu. Sai dai a nemi wani mai aikin a sake daga farko, in an samu.

Wata Lahadi da hantsi Alassane ya ce Oumaima ta kai shi Summerfield. Tun ranar Misis Pettiford maganarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Ba kurmi yanzu, sai jar ƙasa a shimfiɗe da turaku masu jan ƙyalle. Kamfanin ya so duwatsun, ya kwashe su ya gina ƙofar unguwar da su, an haɗa da siminti, an kafa allo mai sunan Caleb a sama.

Alassane ya sauka ya bi ginin da ido har ya tsaya a kan wani dutse mai tsini a kusurwar hagu.

"Wannan," ya ce. "Duk sauran kaburburan gabas da yamma suke kwance, irin na coci. Wannan ɗaya ya gitta musu. Kai kudu, ƙafa arewa."

Ta gane. Haka ake kwantar da nasu, a kan hannun dama, fuska gabas.

"Yaushe ka gani?"

"Rana ta biyu."

"Kuma ka ci gaba."

"Na ci gaba. Jeren ya fara kyau." Ya ɗora hannu a kan dutsen. "Wani ya san yadda ake yi, ya yi masa. Shekara ɗari biyu ba wanda ya taɓa shi, ko su da suka saye shi. Sai da aka samo mutumin Keita."

Ya ɗaga hannuwa zai yi addu'a. Wata mota ta tsaya bayansu, mai gadin kamfanin ya leƙo ya ce nan ba wurin tsayawa ba ne, su wa suke nema.

Alassane ya juyo ya dubi 'yarsa, yana jiran ta fassara.

"Ba kowa," in ji Oumaima da Turanci. Ta buɗe wa babanta ƙofar mota.